Kunne Ɗaya da Rabin Hannu

Duk Birnin Tudu, in ana zancen kunyar ɗan fari, da Saude matar Barau ake ba da misali. Shekara talatin da ɗaya ke nan da ta haifi Fa'izu, amma ba a samu mahalukin da ya taɓa jin sunan nan a bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan", ko "ɗan Yaya Marka", domin Marka, yayar Barau, ita ta ɗauke shi tun daga yaye ta raine shi a Faru. Ko bayan ya girma, in ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗaki yana gaishe ta, bango take duba ta amsa. Mata suna yaba mata, ita kuma tana jin daɗin yabon, wannan ba sai an ɓoye ba. Shi ma Barau ba baya ba ne, a majalisarsu an san ba ya kama sunan yaron, sai dai ya ce "na Fatakwal".

Abin da ba wanda ya sani shi ne kewa ta kusa kashe Saude. Shekara huɗu ke nan da Fa'izu ya tafi Fatakwal sayar da albasa, ya auri Ikilima a can, har an haifi Rumaisa, bai tako gida ba. In ya kira ƙaramar wayar Barau, gaisuwa ce ta minti ɗaya, ita kuwa tana daga madafa tana kasa kunne kamar ba ta ji. Ba abin da take so a duniya irin ta ga fuskarsa, ta san ko yana cin abinci.

Ana haka sai ga direban motar albasa da saƙo. Tsohuwar wayar Fa'izu ce, babba, irin mai shafawar nan, an cusa ta cikin safa an ɗaure da roba. Ya sayi sabuwa, ya ce a ba mutanen gida wannan, kuma ya bar hotuna a ciki don a ga jaririya. Kowa ya san wa ake nufi da mutanen gida.

Ranar Marka tana nan, ta zo daga Faru dubiya. Barau ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, ya ɗauko tabaransa mai ƙafa ɗaya da zare, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa. Mutumin da wayarsa ta hannu tocila ce rabin aikinta, amma ranar ka ce shi ya ƙera na'urar.

"Ku matsa," in ji shi. "Aikin ga sai wanda yas san kanshi."

Ya danne maɓallin ƙara murya ya fi minti biyar yana jiran ta kunnu. Da Allah ya taimake shi yatsansa ya zame ya faɗa kan na kunnawa, wayar ta yi wani kiɗa, gilashi ya kawo haske, sai ga fuskar Fa'izu ta cika shi fal.

Saude ko ƙiftawar ido ba ta samu ba. Hula kawai ta gani, shuɗiya, sai ta ji idon Marka a kanta. Nan take ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Subhanallahi! Malam, mi na na haka? Ɗebe min abin ga gabana!"

Marka ta tafa hannu cike da alfahari. "Kun gani ko? Irin matan da anka daina yi ke nan. Da 'yan yanzu na, da tuni sun rungume waya suna kuka da majina. Allah shi yi miki albarka, Saude."

Saude ta amsa da amin, kanta a ƙasa. A zuci kuwa lissafi take: Yaya za ta koma Faru gobe, Malam zai tafi masallaci, ɗaki yana da ƙyaure, ƙyaure yana da sakata. Wanda ya yi haƙurin shekara huɗu, kwana ɗaya ba zai gagare shi ba.

Sai dai ta manta da halin mijinta. Barau mutum ne da in ka ce masa ka ƙoshi don kara, sai ya ɗauke kwanon ya wanke. Ya zura wayar a aljihun gaba, ya ce ba mai taɓa ta sai an sa mata layi. Ran Talata ya hau babur ya nufi Talata Mafara, wajen wani Lukman mai gyaran waya a bakin kasuwa, bai dawo ba sai bayan la'asar, yana tafe yana fara'a kamar wanda ya sayar da albasa da tsada.

Ya kira ta tsakar gida aka fara darasi.

"Shahwa za ki yi, shahwa. A hankali. Ke, ba danna ba! Wagga ba mangwaro ba ta da za ki duba ko ta nuna."

Ta shafa, gilashi ya haska. Wanda ya bayyana a kai Barau ne, ya ɗaure fuska tamau, ya zaro ido kamar mai hoton katin zaɓe. Fuskar da ta shekara talatin da biyu tana gani kyauta, yau ita aka ɗora mata a waya.

"Sau shidda anka ɗauka kahin a samu mai kyau," ya ce. Ya nuna mata inda ake kira, da inda ake amsawa, da inda in ta taɓa bisa kuskure za ta tsinci kanta cikin abin da ko Lukman sai ya yi da gaske. Sa'an nan ya rage murya, irin ta mai shirin ba da albishir. "Kuma abin nan da kinka ce, na gyara miki shi tsab. Dut na sa an yanke shi. Hoto ɗari da sha bakwai, ɗai-ɗai munka bi su ni da Lukman, har azahar tak kusa wuce mu. Ki duba abinki hankali kwance, ba inda za ki ci karo da shi."

Saude ta ji kamar an kwara mata ruwan randa. Me za ta ce? Ita ta ce a ɗebe, gaban shaida, kuma an ɗebe. In ta yi ƙorafi, ta tona kanta da bakinta.

"Allah shi saka da alheri, Malam," ta ce. Tunda take ba ta taɓa yin godiya mai ɗaci irin wannan ba.

Da ya fita sallar magariba ta shiga ɗaki ta sa sakata. Aiki kam an yi shi da gaskiya. Ga Ikilima zaune a kujera, an yanke rabin kujerar. Ga jaririya Rumaisa ranar suna, kumatu kamar an hura, an yanke wanda ya tallafo ta, ko yatsa ba a bari ba. Ga wani hoto da ba kowa a ciki sai fanka da labule. Ga tulin buhunan albasa, da takalmi ƙafa ɗaya a gefe. Ta bi su tun daga na farko har na ƙarshe, abin da ta tsira da shi kunne ɗaya ne a bakin wani hoto, sai rabin hannu dafe da kafaɗar Ikilima a wani.

Ta sa yatsa ta ja hoton gefe ko sauran jikin zai shigo, sai wani hoton ya zo. Ta mayar, ta ja a hankali, yadda ake jan akuya mai gardama. Bai shigo ba. Ta karkata wayar ta leƙa ta gefen gilashi, ta rufe ido ɗaya, har ta juya ta duba bayanta. Da wani ya ga uwar 'ya'ya bakwai tana leƙen waya ta kusurwa, da ya ce a nemo mai magani.

Daga nan ta koma kan hannun, kuma nan ne hankalinta ya tashi. Hannun ya rame. Agogon da ke ɗaure a kai ya zamo har ya kusa bayan tafi, ƙashin wuyan hannun ya fito zuru-zuru. Ta san hannun ɗanta, ko ba ta taɓa riƙe shi a gaban mutane ba, lokacin da ya tafi ba haka yake ba. Ko ciwo yake yi ana ɓoye musu? Ko yarinyar nan Ikilima ba ta iya tuwo ba, sai abincin 'yan kudu mai ruwa-ruwa? Ranar ko loma ba ta iya haɗiya ba.

Cikin kwana uku ta daka yaji, ta soya ƙuli-ƙuli, ta tace man shanu kwalba biyu, ta ƙulla kuka da daddawa, ta ce Barau ya ba direban albasa.

"A kai ma wa?"

"Jaririya."

Barau ya ɗaga ƙullin ƙuli-ƙuli ya jinjina. "Jaririyar wata huɗu? Ko haƙori ɗai ba ta da shi."

"Za ta yi," in ji Saude, ta juya ta ci gaba da shara.

Ta fara azumin Litinin da Alhamis, ta ce na lada ne. Da abin ya ci tura, wata safiya ta kai masa koko, ta zauna daga gefen tabarma, ta miƙa masa wayar kamar ba da wata manufa ba.

"Malam, hoton ga kamar ya yi ƙunci. Ba a iya buɗa shi kaɗan ta nan gehe?"

Barau ya sa tabarau, ya kai wayar nesa, ya dawo da ita kusa. Sai ya dafe kai.

"Af! Ashe hannu ya rage! Amma Lukman ya yi mani ha'inci. Yi haƙuri, ashe abin da ad damunki ke nan kwana da kwanaki. Kawo in ƙarasa shi, ai na koyi yadda aka yankewa."

Yatsansa bai kai gilashi ba ta fizge wayar, har koko ya tuntsire.

"Bar shi! Bar shi haka nan. Kada ka tahi ka yanke kahwaɗar ɗiyar mutane."

Ya bi ta da kallo, ya girgiza kai, ya ce shi dai mata sun fi ƙarfin saninsa.

Kamar wannan bai isa ba, sai wata matsalar ta ɓullo. Garin ba wuta, caji sai a shagon mai sola da ke bakin hanya. Kullum da safe Barau zai karɓi wayar ya ce zai ajiye ta a shago in zai wuce fadama, sai yamma ya dawo da ita. Kuma kullum cajin rabi ne, wani lokaci ko rabin bai kai ba. Ta fara duba hannu ke nan sai gilashi ya yi baƙi. In ta yi magana ya ce, "Tsohuwar waya ta, batirinta ya gaji." Ta yarda, don ita ma ta san gajiya.

Ranar wata Laraba Taibatu, matar mai shagon cajin, ta shigo aron turmi. Ana cikin gaisuwa, an tambayi gida, an tambayi yara, an tambayi gajiya, sai Saude ta sako zancen.

"Ni ko Taibatu, solar taku lahiya take? Waya ta wuni gare ku ta dawo da yunwa."

"Wace waya ka wuni?" in ji Taibatu. "Ai taku awa ɗaya taka yi. Da hantsi Baba Barau ka dawowa shi amshe ta, shi wuce hwadama da ita."

Saude ta ce, "Haka ne fa, na manta," ta ba ta turmi, ta raka ta har zaure da fara'a. Tana dawowa ta tsaya tsakar gida ta riƙe ƙugu. Wato ita tana nan tana azumi a kan rabin hannu, shi yana can gindin itace yana ƙone mata caji da kallon dambe! Ta san shi da son dambe tun yana saurayi. Ta dama fura mai yawa, ta zuba a kwano, ta yafa mayafi. Shekara ta fi biyar rabonta da fadama, amma ranar ƙafarta ba ta nemi jagora ba.

Rana ta take sosai lokacin da ta isa. Albasa ta yi kore shar cikin fangalin ban-ruwa, ruwa na gudu a babbar kwata. Ta hango shi gindin mangwaro ya ba hanya baya, fartanya yashe a gefe, kai a sunkuye. Ta rage sauri, ta taka a hankali. Ba kiɗan dambe, ba ihun 'yan kallo. Muryar Barau kawai ta ji, ƙasa-ƙasa, irin wadda ba ta taɓa jin ya yi wa kowa magana da ita ba.

"Kai ko dubi tumbi. Wa kab biyo? Ba dai ni ba. Ja'iri, ko ka zo mu gan ka."

Ya yi 'yar dariya, ya ɗaga tabarau ya goge ido da bakin riga.

Inuwarta ce ta faɗo masa a kan tabarma. Ya zabura, ya rasa inda zai kai wayar, ya cire hula ya kifa a kanta, ya zauna da kai tsirara yana duban sama kamar mai neman hadari a tsakiyar rani.

"Sannu da aiki, Malam," in ji Saude.

"Yauwa, sannu. Lahiya dai?"

"Lahiya lau. Hura nik kawo maka. Ashe nan shagon caji yad dawo."

Barau ya yi tari, ya sosa ƙeya, ya duba albasa ko za ta cece shi.

"Wato... Lukman na yac ce wai asalin hotunan ba su gogewa, sai dai a tara su wuri guda a ɓoye. Ni ko nic ce bari in riƙa dubawa lokaci-lokaci, kada su lalace."

Ƙarya ce, kuma ya san ta san ƙarya ce. Shi da bakinsa ya ja Lukman gefe ya ce a yanke na matarsa, amma a ajiye masa cikakkun inda shi kaɗai zai iya buɗewa. Saude ta so ta yi faɗa, faɗan da ta taho da shi tun daga gida yana nan bai huce ba. Amma ta dubi tsohon nan da furfura a kai da jan ido, wanda ake yabo a majalisa don bai taɓa kama sunan ɗansa ba, sai tausayinsa ya kama ta, da nata tausayin kanta.

Ta ajiye kwanon fura, ta zauna can ƙarshen tabarma, ta fuskanci kwata. Shi ba ya iya cewa zo ki gani, ita ba ta iya cewa nuna mini.

"Ni ba ruwana da abin da ac ciki," ta ce daga ƙarshe, tana magana da ruwan kwata. "Hannun nan ɗai nika son a bincika, wanda ad dahe da kahwaɗar Ikilima. Ya rame, Malam. Sati biyu ban yi barcin kirki ba."

Barau ya ɗaga hula ya ɗauko wayar. Ya shafa, ya shafa, ya lashi yatsa ya sake shafawa. Da ya samo hoton sai ya kifa tafinsa ya rufe rabin gilashin, ya miƙo mata sauran rabin.

"Wanga hannu? Mai agogo?"

Ta saci kallo. Ga Ikilima, ga hannun, ga kuma mai hannun: wani dogon mutum siriri mai haƙoran gaba a waje, wanda ba ta taɓa gani ba tunda aka haife ta.

"Ai wanga Anas na, wan Ikilima. Shi haka Allah yay yi shi, ko sa guda yac ci ba ya nunawa. Na Fatakwal ta ɗayan gehen yake. Ni dut namijin da nig gani cewa niy yi a yanke, don kada a yi kuskure."

Saude ta yi tagumi. Azumi huɗu, man shanu kwalba biyu, addu'a bayan kowace salla, duk a kan ɗan wata mata da ko sunanta ba ta sani ba. Ita da take cewa uwa ba ta ɓatan hannun ɗanta! Dariya ta taso mata, ta danne, ta ƙi dannuwa, ta fito tare da hawaye.

"To, Allah shi sa Anas shi amfana," ta ce.

Barau bai yi dariya ba. Ya daɗe yana duban tafin hannunsa da ke rufe da rabin gilashin. Sa'an nan ya sunkuya ya ajiye wayar a tsakiyar tabarma, fuskarta sama, ya janye hannun ba tare da ya dubi matarsa ba, ya ɗauki fartanya.

"Bari in buɗe ma albasa ruwa," ya ce.

Ya tafi can ƙarshen gona, ya sare bakin fangali ruwa ya fara shiga, ya tsaya ya ba ta baya.

Saude ta duba gabas, ta duba yamma. Ba kowa sai balbelu. Ta goge hannu a zane, ta ɗauki wayar da hannu biyu.

Ga shi nan. Ya yi ƙiba har wuya ya ninku, ya tsayar da gemu, kuma a gefen gemun, ikon Allah, har da silin furfura biyu. Yaron da aka ɗauka daga bayanta yana kuka da hannu a miƙe, ita kuma ta juya ta shiga ɗaki don kada a ce ta damu, shi ne yau da furfura. Hancin na Barau ne, amma idanun, sai yau ta sani, nata ne sak. Shekara talatin da ɗaya ana faɗa mata yana kama da ita tana cewa ita ba ta lura ba, kuma gaskiya take faɗi, ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ido cikin ido ba. Yana dariya, yana dubanta kai tsaye, ba ya sunkuyar da kai, ita ma ba ta kau da nata ba. Daɗi ya cika ta, baƙin cikin shekarun da suka wuce ya cika ta, ta bar hawayen suna zuba yadda suka ga dama.

Can ƙarshen gona fangali ya cika ya tumbatsa. Ruwa ya haye kunya ya shiga na kusa, ya cika shi, ya gangaro ya rufe wa Barau idon sawu. Manomin da ba ya yarda ɗigo ɗaya ya tafi a banza yana tsaye cikin laka, albasarsa tana nutsewa, ya ƙi waiwayowa. Da ƙafafunsa suka fara sanyi ya yi gyaran murya, ya ɗaga murya yana duban gabansa.

"Kin gama?"

Saude ta ja hanci, ta share gilashin da bakin mayafi.

"Ban ma hwara ba," ta ce.